Bas Ɗin Yara Mai Shan Mai

Ranar Asabar, 14 ga Yuni, gari ya waye garau, in ji mai rediyo. Bakanike ya iso garejinsa ya tarar da ƙaramar bas ɗin wata makarantar firamare a ƙofa. Wata mata tana tsaye gefenta rungume da jaka. Yara Anti suke ce mata, ta ce shi ma ya kira ta haka.

Ƙorafin shugaban makaranta ta kawo. Man da ke kai bas ɗin mako guda, yanzu kwana huɗu ya ƙare. A hanya ta yi ta addu'a Allah ya sa laifin inji ne.

Bakaniken ya cire fulogi ya duba, lafiya lau. Matatar iska fes take. Ya auna iskar taya, ya miƙo mata ma'aunin.

"Karanta min kawai," ta ce.

Daidai take. Babu yoyo a tanki. Sai ya kwance ƙafar gaba, ya leƙa birkin. Da ta matso, ta yi tuntuɓe da jak, ta dafa bango.

"Anti, yaushe aka sa takalmin birkin nan?"

"Wata biyu."

"Wata biyu! Ya cinye kamar ɓera ya kwana a kansa. Injinku ba shi da laifi. Direbanku ne ke tafiya a giya ta biyu, ƙafa ɗaya a totur, ɗaya a birki. Ai dole ta sha mai."

Ya shafa gefen tayoyin, duk sun goge da dakalin titi. Ya daina raha.

"Matsoraci ne ko sabon hannu?"

"Shekara goma sha ɗaya yana jan ta. Bai taɓa buge ko kaza ba."

"To ba ya gani sosai. Lalube yake yi, yana bin gefen titi. Yara nawa yake ɗauka?"

"Goma sha huɗu." Ta tuna ƙaramar cikinsu, mai haƙori biyu a fice, wadda ke zagayawa ta gaban bas in an sauke ta, kanta ko fitila bai kai ba.

"Ku sallame shi kafin Litinin. Idan da 'yata a ciki, yau zan ƙwace makulli."

Ta ce a bar motar a nan. A ƙafa ta tafi gidan waya. Ta rubuta wa shugaban layi uku da manyan baƙaƙe: motar lafiyarta ƙalau, tana gareji, direban ba zai ƙara taɓa sitiyari ba.

Ta roƙi ma'aikaciyar ta duba mata ko adireshin ya fita. Sannan ta zura lasin direban a ambulan, hotonta ita kanta da ke jikinsa na kallon sama, ta manne, ta laluba bakin akwatin da yatsa, ta jefa.