Ɗinkin da Inna Ta Koya Mata

Tun da aka kafa dokar sauya sana'a, duk mai son sabon aiki sai an goge masa tsohon daga kansa. Sahura ta daɗe tana ɗinkin kayan 'yan makaranta a masana'anta, har ta kai ko ƙarar keken ɗinki ta ji sai ranta ya ɓaci. Ita renon itatuwa take so.

Ran Talata ta nemi izini, ta tafi ofishin sauya sana'a. Ma'aikaciyar, wata dattijuwa da gajiya ta cika wa ido, ta yi mata tambayar da ake yi wa kowa: "Wa ya koya miki ɗinki?"

"Innata, Allah ya jiƙanta."

"Amin. To, 'yata, ba ɗinkin kaɗai ke fita ba. Zaman da kuka yi tana koya miki, da muryarta, duk tare suke tafiya."

Sahura ta san da haka. Inna ba mai yawan magana ba ce, a bakin keke kawai suka taɓa yin hira.

"Bari in yi shawara, zan dawo," ta ce.

"Haka kika ce bara," in ji matar a hankali.

Sahura ta gyara mayafinta, ta koma bakin aiki kafin a tashi.