Zanen Kaka Tabawa

Tun da aka kafa dokar gyaran fuska, duk hoton da waya ta ɗauka sai ya fito sumul, ba tabo, ba tsufa. Sau uku Jatau yana ɗaukar kakarsa Tabawa, sau uku waya tana goge mata zanen Gobirci, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. Ga shi jikinta ya soma ƙi.

Ya daɗe yana begen kyamarar ƙarfe irin ta da, mai fim, wadda ake murzawa da babban yatsa, ba ta ƙari, ba ta ragi. Ranar Laraba ya samo aronta wurin Malam Barau, tsohon mai hoto. Nauyinta ya cika masa hannu. Fim kam an daina yinsa tuntuni.

Tabawa ta kafa ɗaurin ɗankwali, ta zauna bakin ɗaki.

"Angona, wannan ma budurwa za ta mayar da ni?"

"Kaka, ai babu fim a ciki."

"To sai me, ja'iri? Kai dai leƙa da kyau, ka riƙe."

Ya kanga ido, ya ƙirga zanen a hankali har sha uku, sannan ya danna.