Kwamfutar Alhaji Labbo

"Malam Mannir, me kake yi kullum?" in ji Dibora, wadda aka ɗauko ta rubuta ayyukan da sabon inji, wai shi kwamfuta, zai karɓa a kamfanin audugar Alhaji Labbo a Gusau.

Mannir, gwanin gyangyaɗi a ƙarƙashin fanka, ya tsorata kada inji ya raba shi da abincinsa. Sai ya lafta: awo shi, rasit shi, lodi shi, har rakiyar mota Tsafe.

Dibora ta rubuta tsaf.

Alhaji ya karanta, ya jinjina kai. "Ashe kwamfutar tana gidana ban sani ba. A fasa saye."

Ya sallami ma'aikata uku, ya miƙa wa Mannir takardar. "Ci gaba da aikinka, Malam."

Garin neman ƙiba, an samo rama.