Sandar Tsufan Balaraba

Ranar yaye ɗalibai, na'urar hukuma ta buga wa kowa katin abin da zai zama in ya kai shekara arba'in. 'Yan aji suka shiga rabon kyautar tsokana: alƙalin gobe ya samu muciya a madadin gudumar kotu, matuƙiyar jirgi fukafukan kwali.

Katin Balaraba ya fito fari fat. Kowa ya gane ba za ta kai arba'in ɗin ba, aka kau da kai.

Sai ga ƙawarta Tabawa da sandar dogarawa. "Ungo, Iya. Za ki buƙace ta."

"Doka ta hana kyautar da ta saɓa wa kati!" in ji shugaban makaranta.

Balaraba ta karɓe, ta ranƙwafa, ta dogara har gabansa tana tari.

"Ɗaga murya, yaro. Kunnen ya tsufa."