Farar Ƙwaya da Ruwan Ɗorawa

Ranar da aka sallami Inna daga asibiti, babban ɗanta ne ya zo ɗaukarta. Direban tasi ne, kuma ya bar motar inda aka hana tsayawa, don haka rabin hankalinsa yana waje.

A tagar karɓar magani, ma'aikaciyar ta riƙe ledar, ta ƙi saki.

"Malam, tsaya ka ji. Mahaifiyarka ta manyanta, ƙodarta ta yi rauni, ga magani kala-kala. Irinsu muke tsoron su dawo mana ranga-ranga. Akwai wanda take sha a gida?"

"Ba wani abin kirki ba ne."

"Ko mene ne, kada ta haɗa da wannan sai mun gani. In kun ga jiri ko ruɗewa, ku dawo da ita nan take."

"To, na ji," ya ce, idonsa na kan ƙofa.

A gida, Inna tana da wani tsohon gwangwani a kan taga, cike da maganin hawan jini. Da ya miƙa mata sabuwar ƙwaya ruwan ɗorawa, sai ta buɗe gwangwanin, ta ɗauko fara, ta haɗiye su tare.

"Inna, an ce fa..."

"An ce me? Shekara da shekaru muna tare da farin nan, bai taɓa cutar da ni ba."

Bai saba musu da ita ba. Sai ya ƙyale ta.

Kwanaki kaɗan, Inna ta fara dafa bango in za ta miƙe. Barci ya yi mata yawa. Wata rana ta dube shi, ta kira shi da sunan ƙanenta da ya daɗe da rasuwa.

Autarsu ta tuntsire da dariya. "Yaya, yau kai ne Kawu!"

Shi ma ya yi dariyar. Amma ya ce a ransa, gobe zai mayar da ita asibiti. Da goben ta zo, ya sake cewa gobe.

Wata safiya yana wanke mota, ya ji wani abu ya faɗi tim a banɗaki. Ya kira, shiru. Ƙofar a kulle take ta ciki. Da ya ɓalle ta, ya tarar da Inna kwance, jini na bin ruwa zuwa magudana.

A asibiti, likita ya juye gwangwanin a tebur, ya ajiye farar ƙwaya kusa da ruwan ɗorawar.

"Magani ɗaya ne, kamfani ne kawai ya bambanta. Ninki biyu take sha kullum, shi ya sa jininta ya yi ƙasa har ta yanke jiki."

Inna ba ta sake buɗe ido ba.

Jama'a, sallama daga asibiti ba ita ce warkewa ba. Ku kai wa likita duk maganin da tsohonku yake sha, tsoho da sabo, kuma kada ku kira jiri da ruɗewa tsufa kawai.