Kuyangar Sarauniyar Aljanu

Tun da na'urar ɗab'i ta koma ɗaukar labari kai-tsaye daga kan marubuci, duk mutumin da ka ƙirƙira sai ta goge maka wani na gaske daga tunaninka. Ba kai kake zaɓen wanda zai tafi ba.

Ladidi ta kai labarin birnin aljanu shagon Malam Barau mai ɗab'i.

"Hajiya, birni guda da mutum huɗu kacal?" in ji shi. "Sarauniyar ko kuyanga ba ta da ita. Wa zai saya?"

"Littafin baya ya cinye min ƙawaye biyu. Innata ce ma ta gaya min."

"To, kin ji zafi?"

Ba ta ji ba. Ta ƙara kuyanga ɗaya, ta sa kanta a na'urar.

Da la'asar ta koma gida, ta tarar da wata tsohuwa a tsakar gida tana tsince shinkafa.

"Kin dawo, 'yar nan? Abincinki na can na rufe miki."

Ladidi ta durƙusa ta gaishe ta, tana jira ta ji wurin wa ta zo. Tsagar kumatun tsohuwar irin ta kuyangar ce sak.