Tururuwa a Ƙoƙon Nono

Da aka jefa tururuwa cikin nonon maijego da aka tatsa a ƙoƙo, matan gidan suka zuba ido. In ta fito, nono lafiyayye ne. In ta nutse, sai a raba jariri da mama, a koma madarar shanu da ruwan tafkin Lagdo, kamar yadda aka yi wa ɗan maijegon na fari, wanda zawo ya ɗauke tun bai iya zama ba.

Maijegon ta jingina da bango, ko ƙarfin gardama ba ta da shi. A asibiti an ce mata nono zalla har wata shida. Amma asibiti na can Garwa, uwar miji kuwa ga ta riƙe da ƙoƙo.

"Inna, ta mutu ko?" in ji wata maƙwabciya.

"Ke matsa, uwar leƙe, kin tare min haske!"

Tsohuwar ta juya musu baya. Can ta ɗago ƙoƙon, ga tururuwa na tafiya a bakinsa.

"Nono lafiya lau. Ba shi ya sha, 'yata."

Maijegon kaɗai ta ga jiƙaƙƙen tsinken tsintsiyar da tsohuwar ta tura ƙarƙashin tabarma.